Littafi na Huɗu

Na haura shekara arba'in kafin in iya karanta sunana a takarda. Ba na ɓoye wannan. Wanda ya ga abin dariya a ciki ya yi dariyarsa ya gama, ni dai yanzu na iya. Bayan rasuwar maigidana na shiga ajin yaƙi da jahilci na matan unguwarmu, a wata firamare, da yamma in yara sun tashi. Bencinan na yara ne, sai mun karkace muke shiga. Kasuwa ce ta kai ni, don na gaji da miƙa wa wani rasit ɗin kayana ina kallon bakinsa. Amma da idona ya buɗe sai na faɗa wata jarabar da ban yi shirinta ba, wato littattafan nan na labari masu siririn bango da ake sayarwa ana kuma ba da haya a bakin kasuwa. Da yatsa nake bin layi, bakina yana motsi, jikokina suna leƙe suna ƙunshe dariya. Ban fasa ba.

A 'yan shekarun ƙarshe kafin dubu biyu aka fara jin sunan Gwanzo, wani birni a ƙasar Sin, a bakin 'yan kasuwar Kwari. Kafin nan Dubai da Bankok muka sani. Ni 'yan kanti na yara nake sarowa, riguna da wanduna na sallah, sai aka ce mini duk abin da nake saye a Dubai daga Sin yake fitowa. Na ce to me zai hana in je gindin abin. Na bi ayarin wasu alhazai, muka sauka a unguwar Sanyuanli, a wani dogon gida siriri, kowace taga da ƙarfe da sandar gora an rataye wanki. Wankin ba ya bushewa. Iskar garin kanta jiƙaƙƙiya ce, mutum ya fito daga wanka ya rasa wanne ne ruwa wanne ne gumi. Baƙar fata lokacin ba mu da yawa, tsofaffin mata sukan tsaya su taɓa mayafina su yi ta magana a tsakaninsu. Abinci kuwa mun dogara da wasu Musulmi 'yan can nesa da ke gasa gurasa da tsiren rago a lungunmu.

Mu biyu ne kawai mata a gidan, sai aka haɗa mu ɗaki ɗaya. Ita Hajiya ce daga Maraɗi, ta girme ni da kaɗan, doguwa, mai haƙorin Makka da murya kamar ta namiji. Fulas-fulas da kwanuka take saye. Ba ta karatu ko na baƙi ɗaya a boko, amma in ta riƙe kalkuleta a gaban laban, wato mai shago, sai ya yi gumi kafin ta sake shi. Tun ranar farko ta raɗa mini Bakanuwa, ni kuma Hajiya nake ce mata.

Wahalar Gwanzo ba sayen kaya ba ce, jira ne. Mutum ya zaɓi samfur a kasuwar tufafi ta Shisanhang, ya ba da oda, sai a ce ana ɗinkawa a kamfani. Ya koma, laban ya kaɗa hannu ya ce meyo, wato babu. Ya sake komawa, meyo. Alhazai suna da tasu hirar ta kwantena da kwastan a ƙasa. Mu kuwa in mun yi azahar sai mu haura ɗaki mu zauna ƙarƙashin fanka, ruwa yana zuba a waje. A nan na ciro littafin da na zo da shi.

"Mi kike tauna haka, Bakanuwa?" in ji Hajiya, da ta ga bakina yana motsi.

"Karatu nake."

"To ki yi shi da ƙarhi mana. Rowar mi gare ki?"

Haka na fara karanta mata. Labarin zamanin Turawa ne. Wata Baturiya ta buɗe makarantar 'yan mata a wani gari, aka ce kowane babban gida ya ba da yarinya. Manyan gari suka yi dabara, kowa ya ɗauki 'yar barorinsa ya ɗaura mata zane mai kyau ya aika a matsayin tasa. Alƙalin garin ne kaɗai ya ce shi bai iya ƙarya ba, ya ba da 'yar cikinsa. Yarinya ta tashi da ƙwaƙwalwa, ta wuce kowa. Tana 'yan mata sai aka turo malamin lamba ya yi wa ɗalibai rigakafin agana, saurayi mai hankali, amma ɗan wanzamin gidansu ne, ubansa ne ke yi wa alƙali aski. Ba dama su tsaya su yi magana. Sai ya riƙa zuwa da gawayi yana rubuta mata abin da ke ransa da baƙaƙen boko a jikin katangar gidansu, a fili, gefen zaure. Alƙali da ya sauke littattafai masu yawa yakan wuce ta gaban katangar kullum da almuhtinsa da masu ɗaukar buzunsa, su ɗauka zanen yara ne.

Hajiya ba ta sauraro shiru. Tana tsinke ni da tambaya, tana zagin wanda ya cancanta. Ta ce uwar yarinyar sakara ce, ina idonta yake. Ta ce Baturiyar ba ta da miji ne. Ni kuma in na ci karo da doguwar kalma na tsaya ina haɗa ta, sai ta ce, "Malama ta hwaɗa rami, a miƙo igiya." Kashi biyu na sayo, na ɗaya da na biyu, a zatona ƙarshensa ke nan. A shafin ƙarshe na na biyu, yayan yarinyar ya dawo hutu daga makarantar Midil, ya sauka daga kan keke a ƙofar gida, ya tsaya gaban katangar, ya fara karantawa. Nan rubutu ya tsaya.

"Ci gaba," in ji Hajiya.

"Ya ƙare."

"Mi ya ƙare? Yaro na tsaye gaban bango ki ce ya ƙare?"

Na nuna mata inda aka rubuta cewa saura na uku. Na yi mata bayanin yadda ake yi a Kano: marubuci ba ya fitar da labari gaba ɗaya, sai ya yanka shi, ya tsaya a inda ran mutum ya rataye, in na farko ya shige ya samu abin buga na gaba. Na ɗauka za ta yi tsaki ta kwanta. Sai na ga ta cire ɗankwali ta ajiye a cinya, abin da ban taɓa gani ba.

Sannan ta faɗa mini. Autarta ta ci jarrabawa a lakwal, wato makarantar boko, an ba ta gurbi a babbar makaranta a Yamai, ta kwana can, ta yi shekara uku. Yarinyar ungozoma take so ta zama, ta asibiti. Uban ya rasu. Baffanninta sun ce ba a taɓa yin ɗiyar gidansu da ta kwana wani gari don boko ba, in abin kunya ya faru sunan ubansu za a kira, amma sun bar wa Hajiya magana tunda ita ke ɗauke da gidan. Kafin damina ta ɗauke dole ta ce e ko a'a. In a'a ne, yarinya ta zo shago ta riƙe mata lissafi da Faransanci, dama tana bukata.

"Takardunta na cike da ɗakina," in ji ta. "Ina sharewa, ina jerawa. Ban san mi ke ciki ba. Ni da alƙalin nan duk ɗaya muke."

Na ce mata ni ma haka nake da, ga shi ban mutu ba.

"Ki saurara. Allah ne ya haɗa ni da ke da littahin nan. In ɗiyar alƙali ta hita da mutuncinta, tawa ta tahi Yamai. In ta lalace, ta zo shago. Na yanke."

Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci ba na tauna magana. Na ce, "Hajiya, da girmanki da wayonki za ki ɗora rayuwar yarinya a kan littafin haya? Wannan ai labari ne."

"Labarin wa?"

"Labari dai."

"Ya hwaru ko bai hwaru ba?"

A nan ta kama ni, don ni kaina ban sani ba. Tun da na fara karatun nan ban taɓa tsayawa na tambaya ba. Tatsuniya na san ta, da baki ake yin ta, kuma mai yi yakan faɗa da kansa a ƙarshe cewa ƙarya ce. Littafi kuwa, duk wanda na gani tun ina yarinya na malamai ne, ana ɗaukarsa da alwala. Hajiya ta ce wa zai sayi takarda, ya biya mai inji, don ya buga ƙarya. Ta ce ga sunan ƙofar gari, ga launin zanen da yarinyar ta ɗaura ranar farko. Na ce to abin da yarinyar take faɗa a zuciyarta fa, wa ya ji? Ta ce ai da ta tsufa ta ba da labari. Tambayar ta shiga kaina ta zauna, har a layin sallah sai na yi ta korar ta.

Ƙanin marigayi maigidana ɗan takalma ne a Kwari, kuma na san yana cikin ayarin da zai biyo bayanmu. Na je wurin masu waya a bakin titi, aka yi ta fama kafin layin Kano ya shiga, na samu shagon maƙwabcinsa aka kira shi. Tsakanina da shi akwai wasa tun ina amarya.

"Matar Yaya, lafiya? Kaya sun nutse a teku?"

Na faɗa masa sunan littafin, na ce na uku nake so.

"Daga birnin Sin kika bugo waya saboda littafin soyayya? Da Yaya yana da rai da ya ga abin da boko ta yi masa."

"Da yana da rai da shi zan aika. Ka sayo ko in dawo in same ka."

Kafin ya iso, Hajiya ta sake wata ɗabi'a. In mun je Shisanhang ta raka ni, ba kaya take kallo ba, 'yan matan shago take kallo. Ko'ina su ne, ƙanana da su, da biro a bayan kunne ko a gashi, suna rubuta rasit da sauri kamar kaza na tono. Wani ɗan Gana da ya daɗe a garin ya ce mana yawancinsu daga ƙauyuka masu nisa suke, tafiyar kwana da kwanaki a jirgin ƙasa, suna kwana a ɗaki ɗaya su da yawa, sai sabuwar shekararsu suke ganin gida. Hajiya ta riƙa bin su da ido, tana duba tafiyarsu da yadda suke yi wa maza magana.

"Waɗannan ina uwayensu?" ta tambaye ni.

"Suna gida suna cin abin da aka aiko."

"Waccan mai jan takalmi ba ta da kunya. Amma wannan ta kusa da ke, da tarbiyya. Kin ga ta miƙa ma tsohon can kujera."

A shagon da nake saye akwai wata da kullum in ba ciniki tana duƙe kan wani ƙaramin littafi, bangonsa da hoton mace cikin tufafin da, da wani namiji ya juya baya. Wata rana na gan ta tana share ido. Na ciro nawa daga jaka na nuna mata. Ta karɓa ta jujjuya, na karɓi nata na jujjuya, baƙaƙensu kamar an zubar da tsintsiya. Ta nuna macen bangon nata, ta nuna macen bangon nawa, ta ɗora hannu a ƙirji ta langaɓe kai. Muka yi dariya. Na so in tambaye ta ko nata ya faru da gaske, amma abin da na iya da yarensu bai wuce sannu da na gode da babu ba, kuma kalkuleta ba ta ɗaukar irin wannan tambaya.

Ƙanin maigidana ya iso da saƙon gida, kuka da daddawa da yaji da kilishi. Littafin a cikin ledar daddawa ya cusa shi, wai kada alhazai su gani a jakarsa su ce ya lalace. Har yau in na ji warin daddawa sai na tuna da 'yar alƙali. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya gaida Hajiya, ya ce ya ji an ce ita ma ta shiga makarantar matar Yaya.

"Alhaji," in ji Hajiya, "kai da ka san Kano. Gidan alƙalin nan na nan har yau?"

"Wane alƙali?"

Ta gaya masa. Ya yi dariya har yana riƙe hula.

"Hajiya, mai littafin da na saya a wurinsa ya ce mini wadda ta rubuta malamar firamare ce, ko talatin ba ta kai ba. Ina ta ga Bature? Zama take ta ƙaga, ku kuma ku saya ku yi kuka."

"Kakarta ta ba ta labari."

"Kakarta ko kakar wa. Ƙarya ce aka yi wa bango."

Na ce masa ya tafi ya ji da takalmansa. Da ya sauka, Hajiya ta daɗe tana kallon littafin a hannuna. Na yi zaton ta sauka daga maganarta, har na fara jin sanyi. Sai ta ce, "Ko ta ƙaga, ai mace ce, kuma ta yi lakwal. Ta san abin da ke samun irinsu. Karanta."

Ni kuwa ban leƙa ƙarshen ba. Na yi tunanin in ce kaina na ciwo, in karanta ni kaɗai tukuna. Amma ko na ga mugun ƙarshe me zan yi? Ban iya juya magana ba, kuma Hajiya ba a yi mata wayo. Na gyara zama na fara, ruwa yana dukan ƙarfen taga.

Yayan ya karanta katangar, ya shiga ya faɗa wa ubansu. Kafin la'asar an kira magina sun yaɓe ta da sabuwar ƙasa, gari kuwa ya riga ya ɗauka. Alƙali ya daina zama a zaure. Tsohon wanzami ya zo ya durƙusa da zabirarsa, aka ce masa an gode, an samu wani. Malamin lamba aka tura shi wani lardi mai nisa. Yarinya aka cire ta daga makaranta, aka kulle akwatin littattafanta. Hajiya tana ta gyaɗa kai tana cewa, "Ka ji, ka ji." Sai Baturiyar ta zo da kanta, ta cire takalmi a ƙofar zaure, ta ce an buɗe wurin horar da malamai mata a wani gari, kuma ba ta da ɗalibar da ta kai wannan. Alƙali ya sallame ta. Bayan ta tafi ya sa aka kira 'yarsa, abin da bai taɓa yi ba, don ita ce ta fari a 'ya'yansa mata, ko sunanta ba ya faɗa. Ya ce mata shi ya kai ta da hannunsa don ya ƙi ƙarya, yanzu ita ma kada ta yi masa ƙarya: in ya bar ta ta tafi, karatun za ta bi ko ɗan wanzami? Yarinya ta ɗago kai za ta yi magana.

Na juya shafi. Tallan wasu littattafai ne. Na koma baya, na ga ɗan layin da ke ƙasa, wai saura na huɗu.

Ban san lokacin da na yi jifa da shi ba, ya bugi fanka ya faɗo. Na zagi marubuciyar, na zagi mai inji, na haɗa da ƙanin maigidana da bai duba ba. Hajiya kuwa dariya ta kama ta, irin wadda ban taɓa ji daga gare ta ba, har ta kwanta a gado tana share hawaye da bakin zane.

"Ku Kanawa," in ji ta, "ko labari sai kun sayar da shi awo-awo."

Da ta lafa ta tashi zaune. Kwantenarta ta riga ta cika, jirginta ya kusa, damina kuma ba ta jiran kowa. Na ce to yanzu fa.

"Alƙali da kansa bai yanke ba, ni wa ce? Ta tahi Yamai. Ta zauna can har na huɗu shi hito. In ya hito ki kawo mani, duk inda nike. Ki yi alkawari."

Na yi.

Da na koma Kano tambayar nan ba ta bar ni ba. Na je wurin mai littafi na ce ina na huɗu, ya ce bai fito ba. Na ce ina mai rubutawa, ya ce ba ya ba da adireshin matan aure. Na zauna a bencinsa na ce to ni ma ba na tashi. Kafin la'asar ya kwatanta mini.

Na same ta a tsakar gida, da goyo a baya, tana tankaɗe. 'Yar siririya, sa'ar 'yata ta biyu. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, tana ta sunkuyar da kai kamar na zo karɓar bashi. Na ce mata tambaya biyu ce ta kawo ni. Ta farko, abin nan ya faru?

"Mama, ni na ƙirƙira. Zancen aika 'ya'yan barori dai na ji a wurin tsofaffi. Sauran a kaina yake."

"Katangar fa?"

"Wata rana na ga yara sun yi rubutu a bangon makarantarmu, maigadi yana zaune a gindinsa bai san zaginsa aka yi ba. Daga nan ne."

Na daɗe ina kallonta. Wato duk zufar da muka yi a Sanyuanli daga kan wannan yarinya mai rariya a hannu ta fito. Ban ji haushi ba, mamaki ne ya cika ni, na so in buɗe kan in ga inda alƙalin yake zaune. Na yi tambaya ta biyu: me yarinyar za ta ce wa ubanta?

"Ban sani ba tukuna."

"Ke kika yi ta, ki ce ba ki sani ba?"

Ta ce 'yan mata suna aiko mata saƙo ta wurin mai littafi, wai lallai a aura mata malamin lamba. Dangin mijinta kuma sun fara magana, wai littattafan nan ne ke ɓata 'ya'yan mutane, ga matar ɗansu a ciki tsundum. Na ba ta labarin Hajiya da autarta a Yamai. Na ce ba roƙonta na zo yi ba, amma ta sani akwai wadda ke zaune a aji da bakin alƙalaminta. Ta ajiye rariyar, ta gyara goyo.

"Mama, na ji. Amma ni ma a gidan wani nake."

Sai wata shekarar littafi na huɗu ya fito. A tsaye na karanta shi gaban mai littafi, ban ma bi da yatsa ba. Yarinyar ta ce karatu za ta bi, ta tafi, ta haɗu da malamin lamba a can, aka kore ta, ta dawo da ciwo, ta ƙone littattafanta da hannunta a murhu, ta nemi gafarar ubanta, ta mutu. Shafi biyu na ƙarshe wa'azi ne ga iyaye. Ban zagi kowa ba wannan karon, na tuna da rariyar. Na saya na sa a jaka. Na yi tunanin in manta shi a gida, amma alkawari na yi, kuma Hajiya ba yarinya ba ce da zan zaɓa mata abin da za ta ji.

A Gwanzo na same ta a zuwana na gaba. Lokacin mutanenmu sun fara yawa, wasu sun koma wajen unguwar Dengfeng, har wata 'yar Mali ta fara dafa tuwo a bene na sama tana sayarwa. A can aka ce mini Hajiya take. Na tarar da ita da kwano a gaba, ta tura mini kujera da ƙafa. Muka gaisa, ta tambayi jikokina, na tambayi hanya. Ban jira ba, na ciro shi na ajiye a kan tebur.

"Ya hito," in ji ta.

"Ya fito."

"Kin karanta?"

"Na karanta."

Ta dube ni, ba littafin ba. Na yi ƙoƙarin kallon miya.

"Bakanuwa, huskarki ba ta iya ɓoyo. Ko a ciniki shi ya sa laban ke cin ki."

"In karanta miki ko in faɗa miki a gajarce?"

Ta wanke hannu a hankali, ta goge. Ta ce autarta ta zo hutu. Ta rame, abincin makaranta ba abinci ba ne. Ta koyo gardama, ta ce randar gidansu tana bukatar murfi, ta yi wa matar baffanta faɗa a kan yadda take wanke cibiyar jariri. Hajiya ta ce ta dube ta ciki da bai, irin duban da uwa ke yi, ta sa ta kwana ɗakinta, ta saurari abin da take faɗa da abin da ba ta faɗa.

"Ɗiyata ce dai, yadda na aika ta. Sai baki da ya ƙaru."

"Baffannin fa?"

"Na ce masu ina jiran wani littahi daga malaman Kano, shi zai raba gardama. Duk wanda ya tambaya, in ce bai iso ba."

Ta sa yatsa ɗaya ta turo littafin gabana.

"Bai iso ba. Mai da shi jaka. Saura shekara biyu ta ƙare."

Na ce mata ni fa na cika alkawari.

"Kin cika. Ki ci tuwo, yana hucewa."

Na mayar da shi jaka, na jawo kwano. Yarinyar ta gama Yamai, ta wuce makarantar ungozoma. Mun sake haɗuwa da Hajiya sau da yawa bayan nan, a Gwanzo da kuma Kano, ba ta ƙara tambayata yadda 'yar alƙali ta ƙare ba.